Farantin jel na buga zane a gida: ya ci kuɗinsa, amma sai ka san yadda za ka bi da shi a yanayinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda na fara nuna takardun nan masu ganye-ganye da launi kala-kala mutane ke ta tambayata wai wane inji nake amfani da shi, wasu ma sun ɗauka wata firinta ce ta musamman. Wallahi babu inji ko ɗaya, farantin jel ne da rola da fenti sai tafin hannu. To yau dai na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani game da farantin nan gaba ɗaya, mai daɗi da marar daɗi, saboda ba abu ne mai arha ba kuma ba na so wani ya ga ɗan guntun bidiyo a Instagram ya zuba kuɗinsa ya dawo yana cizon yatsa.

Tun daga farko in faɗa muku matsayata: farantin kanti, wato ba wanda ake haɗawa a gida ba, in dai na kamfanin kirki ne, ya ci kuɗinsa har da riba. Sai dai kusan duk darasin da za ku gani a YouTube mutanen Amurka ne da Ingila suka yi shi a ɗaki mai sanyi da laima, mu kuwa nan Kano muna tsakanin hunturu da ke busar da fenti ƙiftawa da bismilla da kuma bazara mai narkar da komai, in ka bi su sau da ƙafa sai ka ɗauka farantin ne ba shi da kyau alhali yanayi ne ya bambanta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, farantin wani abu ne mai laushi, garai-garai kana hango abin da ke ƙarƙashinsa, kaurinsa ya kusa santimita 1, in ka danna da yatsa ya lotsa sannan ya dawo daidai. In ka taɓa ganin romon ƙafar sa da ya kwana cikin sanyi ya daskare to kusan haka yake a hannu, sai dai shi ba ya dagargajewa kuma ba ya wari. Aiki da shi ba wuya, ka ɗiga fenti kaɗan a kai, ka murza da rola ya bazu ko'ina, ka ɗora ganye ko ƙyallen leshi ko ka ja zane da audugar goge kunne, sai ka kifa takarda ka shafa bayanta da tafin hannu ka ɗaye. Shikenan zane ya fito. Kuma guda ɗaya ne tak, ko kai da ka yi shi ba za ka iya sake fitar da irinsa sak ba, wannan shi ne monotaif.

Shi monotaif ɗin ba sabon abu ba ne, tun wajen shekarun 1640 wani mai zane ɗan Jenowa ta ƙasar Italiya mai suna Giovanni Benedetto Castiglione yake shafa tawada a kan farantin tagulla ya goge wasu wurare ya matse takarda a kai, shi ake dangantawa da fara shi. Matsalar ita ce ƙarfe da gilashi ba sa lotsawa, don haka in kana son tawada ta kama takarda sosai sai an bi ta cikin injin matsewa, abu mai nauyi da tsada da ba kowa zai ajiye a ɗaki ba. Laushin jel shi ya kawar da buƙatar injin, shi da kansa yake rungumar takardar, hannu kawai ya isa. Da can masu zane jelatin, wato garin nan da ke sa ruwa ya daskare, suke dafawa su zuba a tire ya daskare su yi aiki da shi kafin ya lalace, sai a 2011 wasu mata biyu, Joan Bess da Lou Ann Gleason, suka kafa kamfanin Gelli Arts a birnin Filadelfiya na Amurka suka fito da wanda ba ya ruɓewa kuma ba ya buƙatar firij. Yanzu akwai na Gel Press akwai na Speedball da wasu, duk hanyar aikin ɗaya ce.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne na Gelli Arts babu jelatin a cikinsa kwata-kwata, babu wani abu na dabba, wata irin roba ce da aka haɗa da man ma'adini, irin man nan da ake yin bebi oyil da shi. Wannan a wurina ba ƙaramin abu ba ne, don jelatin da yawa da ake sayarwa a duniya daga fatar alade ake yin sa, kuma wannan abu ne da za ka wuni kana dangwala hannu a ciki sallah ta zo ka tashi ka yi alwala. Wanda zai haɗa na gida don Allah ya duba jikin kwalin ya tabbatar na shanu ne ko na kifi kuma an rubuta halal, masu sayar da kayan kek sukan kawo shi.

Na gidan ma na yi aiki da shi kuma ba zan kushe shi ba, gaskiya yana ɗaukar zane da kyau, wani lokacin ma jijiyar ganye ta fi fitowa a kansa. Iri biyu ne. Akwai na jelatin da ruwa zalla, wannan kam ku manta da shi a ƙasar nan, sai da firij yake rayuwa, ga wutarmu yadda take, 'yan kwanaki ya fara tsagewa yana fumfuna. Sai wanda ake haɗawa da gilisarin, irin gilisarin ɗin da muke saya a kemis muna zubawa a man shafawa lokacin hunturu, ruwan zafi da gilisarin kusan kai ɗaya a narka jelatin mai yawa a ciki a zuba a tire mai santsi a kwashe kumfar sama da gefen takarda a bar shi ya kwana. Shi yana jurewa ba firij, kuma in ya yage sai ka yayyanka ka sake narkawa ka zuba, wannan kam alheri ne. Amma jelatin yana fara narkewa tun wajen digiri 35, mu kuma a watan Afrilu zafi yakan kai 40, sai ka ga farantin ya yi laɓe-laɓe rola tana nutsewa a ciki tana barin sawu. Da damina kuma gilisarin yana jan laima, saman sai ya riƙa gumi fenti ya ƙi zama. Watannin sanyi ne kawai yake nuna kansa. Na kanti kuwa ya ga bazara ya ga damina a ɗakina yana nan yadda yake, a nan ne ya biya kuɗinsa.

Maganar girma, da inci suke auna shi, akwai 3 da 5, 5 da 7, 6 da 6, 8 da 10, 12 da 14 har 16 da 20, akwai kuma masu da'ira. Ni shawarata 8 da 10 ne, dalili kuwa shi ne kusan santimita 20 da 25 ke nan, takardar A4 da muke samu a kowane shagon fotokofi kuma 21 da 29.7 ce, tana rufe shi ruf har ta bar ɗan farin gefe da za ka kama ka ɗaye ba tare da ka ɓata yatsa ba. In aljihu bai kai ba 5 da 7 ma yana yi, ka raba A4 biyu ta dace da shi, kuma ya fi dacewa da katin gaisuwa. Babban kada ka fara da shi, yana shan fenti, yana son babbar takarda da ba ko'ina ake samu ba, kuma kafin ka gama murza wancan gefen wannan ya bushe.

A cikin kwalin faranti kawai za ka tarar in ba saiti ka saya ba, babu rola babu fenti, ka sa wannan cikin lissafi. Rolar kuma ba ta fentin bango ba, ba ta soso ba, ta roba ce mai santsi ta masu buga zane, mai faɗin inci 4 ta wadatar. Fenti kuma akirilik, na tub. Liquitex Basics da Amsterdam suna min aiki lafiya, ƙananan na 'yan makaranta ma suna yi sai dai launinsu ba ya fita raɗau. Fosta kala yana yi wa yara, amma da ka ɗora wani launi a kan wanda ya bushe sai na ƙasan ya jiƙe su cakuɗe. Fentin mai na ƙofa da taga, da tina ɗin masu fenti, da kananzir da fetur, duk kada su kusanci farantin.

Sirrin gaba ɗaya yana wurin yawan fenti, kuma kowa da yawa yake zubawa da farko. A kan 8 da 10 ɗigo biyu zuwa uku masu girman ƙwayar gyaɗa sun isa. Kunne ma yana gaya maka, in fentin ya yi daidai rola tana wani ɗan sauti siriri tsss tsss, saman ya yi sumul kana ɗan hango farantin ta ƙasa, in ya yi yawa kuwa sai ka ji caɓal caɓal rolar tana zamewa maimakon juyawa, ganyen da ka ɗora ya nutse, abin da zai fito dabbare-dabbare ne kawai. Ka ajiye wata takarda a gefe kana goge rolar a kai, kada ka yar da ita, wallahi wani lokacin ita ce ke fin na gasken kyau.

To yanzu maganar hunturu, wadda ita ce babu mai gaya maka a bidiyo. Za ka ga baturiya ta murza fenti tana ta hira, ta zaɓi ganye a tsanake ta jera ta gyara, sannan ta ɗora takarda, kuma ya fito. Kai ka yi haka a watan Janairu a Kano, kafin ka ɗauko ganye na biyu fentin ya bushe a kan faranti, ka ɗaye takarda ta fito fara da ɗan jirwaye, ko kuma ta manne ta yage ta bar maka ɓawo. Abin da nake yi shi ne komai sai na jera shi tukuna kafin in buɗe tub, ganye a dama, takardu an riga an yanka a hagu, har yadda zan jera ganyen na gwada shi a kan busasshen faranti na haddace. A kashe fanka, a rufe taga, wannan yana maganin iska yana maganin ƙura, don farantin yana da ɗan danƙo kuma duk ƙurar da ta sauka sai ta fito a zane kamar ɗige-ɗigen fari. Bayan asuba ko da daddare ya fi tsakar rana nesa ba kusa ba. Sai ritada, ruwan nan da ke rage saurin bushewar akirilik, ɗigo ɗaya cikin fentin yana ƙara maka lokacin numfashi, wanda kuma yake da hali akwai Golden Open da aka yi shi musamman don ya daɗe bai bushe ba, yana da tsada amma ko baƙi da fari kawai ka samu za ka ga bambanci. Abin da ba na so ku yi shi ne tsinka fentin da ruwa mai yawa, saman farantin mai ne, ruwa yana tattaruwa ƙwalo-ƙwalo a kai ya ƙi shimfiɗuwa. Sabon faranti ma yakan yi haka ko ba ka sa ruwa ba, kada ka tsorata, da ya sha aiki yake dainawa.

Amma fa hunturun nan yana da ranarsa. Akwai salon da ake barin fenti ya bushe ƙarau a kan faranti da gangan, a ɗora wani launi shi ma ya bushe, a ƙarshe a shafa siririn fenti mai haske a kifa takarda a danne da littafi a jira, in ka ɗaye sai ta kwaso dukkansu lokaci ɗaya har da tsofaffin ɓurɓushin da suka maƙale a gefe, farantin ya fito tas. Su can sai su yi ta jira suna fifita da kwali ko su kunna abin busar da gashi, mu minti biyu uku ya gama. A wannan salon ka tuna launin da ka fara sa wa faranti shi zai fito a sama a kan takarda, na ƙarshe shi ne bango. Da damina kuma abin juyawa yake, kana da lokacin jera ganye yadda kake so amma takarda takan yi laushi ta lanƙwashe, kuma in ka tara su kan juna ba su gama bushewa ba sai su manne.

Inda farantin nan ya sace min zuciya shi ne ganye. Ganyen gwaiba ya fi kowanne a wurina, ka juya bayansa inda jijiyoyin suka taso ka kifa a kan fenti, ka ɗora takarda ka bi gefe-gefensa da yatsa sosai. Bugun farko zai ba ka siffar ganyen fara fat a tsakiyar launi. Sai ka sa hannu a hankali ka ɗage ganyen, abin da ke ƙarƙashinsa shi ne dukiyar, kowace jijiya har 'yan ƙananan da ido ba ya lura da su a jikin bishiya sun kwanta a kan farantin, har inda tsutsa ta ɗan ci, ka kifa sabuwar takarda da sauri ka kwashe. Ranar da na fara nuna wa mahaifiyata irin wannan sai da ta sa farce tana ƙoƙarin ɓamɓare ganyen daga takardar, ta ce “ke 'yar nan, ba liƙa shi kika yi ba?” Darbejiya tana ba da reshe mai tsari, zogale yana da kyau amma yana saurin yaushi sai ka tsinko ka yi aiki nan take, na gwanda sai babban faranti, na mangwaro kuwa ya cika tauri da santsi ba ya ba da komai sai siffa. Busasshen ganye yana karyewa ya bar gari, ɗanye ya fi.

Ban da ganye gidan kowa cike yake da kayan aiki. Ƙyallayen leshi da tela ke sharewa, ragar buhun albasa, soson wanka na raga, kwalin da aka ɗaye bayansa ya bar layi-layi, ledar nan mai ƙwalo-ƙwalo da ake naɗe kayan fashewa, murfin kwalba don da'ira, zaren ɗinki a watsa shi yadda ya ga dama. Faifai yana ba da zane mai daɗi amma a danna a hankali kuma a duba babu tsinken da ya fito. Sitikar lalle ma tana yi, sai dai ka fara manna ta a jikin zani ka cire don gam ɗin ya ragu. Ba sai ka sayi sitensil, wato robar da aka huda siffar zane a jiki, na waje ba sam, tsohon fayil na roba da reza sun ishe ka yanka naka, amma a kan katako za ka yanka ba a kan faranti ba.

Bayan bugun farko kullum akwai sauran fenti a kan farantin, in ka kifa wata takarda za ta fito dishi-dishi. Kada ka raina ta. Edgar Degas, mai zanen nan na Faransa da ya yi monotaif masu yawa daga shekarun 1870, yakan ɗauki irin wannan bugu na biyu mai haske ya bi kansa da allin zane mai launi, wasu ayyukansa da ke gidajen tarihi haka aka yi su. Ni ma su nake fi so in yi aiki a kansu, fensir mai launi yana kama su, farin biro na jel yana fita a kan duhu, baƙar maka kuma ta fito da gefen ganye. Waɗanda ba su yi kyau su tsaya da kansu ba sai in yayyaga in liƙa da farin gam a kan kwali in haɗa wani sabon abu, takarda siririya irin ta cikin kwalin takalmi ta fi daɗin wannan don in ta sha gam kusan ɓacewa take sai launin kawai ya rage. Da su nake yin bangon jota, katin barka da sallah, ambulan ɗin gudummawar biki, da takardar naɗe kyauta. A kan farin yadi na auduga ma yana hawa, amma in abin wankewa ne sai ka haɗa fentin da ruwan da ake sayarwa na fentin yadi kuma ka bi da dutsen guga ta baya bayan ya bushe. Kuma ga wanda ba ya son zana abu mai rai, wannan sana'a ce da za ka shekara kana yi da ganye da zanen tabarma da na gini ba ka ƙure ta ba.

Sai ɗauko hoto daga mujalla, wanda shi ne ya fi jan mutane kuma shi ne ya fi ba da ciwon kai. Ana shafa baƙin fenti siriri ƙwarai, a kifa shafin mujalla mai sheƙi, a shafa sama-sama na 'yan daƙiƙoƙi a ɗaye. Inda takardar take fara tana tsotse fentin, inda tawada take da yawa ba ta tsotsa, sai hoton ya zauna a kan faranti. A bari ya bushe, a bi da farin fenti siriri, a kifa takarda a jira ta bushe sannan a ɗaye. In ya yi, abin mamaki ne. Amma gaskiya ba kullum yake yi ba, ya danganta da irin tawada da takardar mujallar, wata mujallar ko me ka yi ba za ta bayar ba, kuma hoto sai mai baƙi da fari ɓaro-ɓaro. Abin da ya fi tabbas shi ne hoton da aka fitar da firintar leza ko injin fotokofi mai garin tona, in ma mai shagon zai yarda ya sake bi da takardar ta cikin injin tonar ta yi kauri ya fi. Firintar gida mai tawadar ruwa ba ta yi. Da hunturu wannan salon sai da ritada ko fenti mai jinkirin bushewa, in ba haka ba shafin mannewa zai yi. Rubutun da aka ɗauko ta wannan hanya yana fitowa daidai, amma wanda ka rubuta da hannunka a kan faranti a juye zai fito, boko ne ko ajami. Kuma don Allah tunda aikin yana cin tsofaffin jaridu da takardu, a riƙa dubawa kada a goge rola da takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah.

Abubuwan da ba su min daɗi ba, kuma duk farantin jel haka yake ba na wani kamfani ɗaya ba. Yana fitar da mai, in ka ajiye shi kai tsaye a kan teburin katako ko kan takarda zai bar tabo, dole ka samo masa gilashi ko tayil ko tire mai santsi. Ba ya son kaifi ko kaɗan, tsinken sakace, bakin fensir, dogon farce, zobe, in ya yage ya yage ke nan kuma layin zai riƙa fitowa a kowane bugu. Takardar hoto mai ƙyalli tana manne masa har ta ɓata samansa. Duk abin da ya kwana a kansa sai ya bar sawu, ko da gashi ɗaya ne. Yana cin takarda ba kaɗan ba, kuma ba duk wadda ka ɗaye ce abin nunawa ba. Zane mai siririn layi irin na biro ba aikinsa ba ne. Haka wanda yake son katin biki ɗari iri ɗaya sak ya tafi wurin masu ɗab'i, wannan ba zai masa ba. In kana son ɗora launi kan launi su dace wuri ɗaya ma sai ka yi dabara, ni ina liƙe gefe ɗaya na takardar da salatif a jikin tebur ta riƙa buɗewa tana rufewa a wuri ɗaya.

Wanki kuwa ba wahala, ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke, ko wayif na jarirai, ko sanitaiza. Busasshen fenti faffaɗan salatif yana ɗaye shi, tabon da ya ƙi fita kuma bebi oyil ka shafa ka goge ka wanke. Zai canza launi ya ɗan yi rawaya-rawaya da daɗewa, wannan ba ya taɓa aikinsa. Ni ba kullum nake wankewa ba ma, ragowar jiya tana ƙara wa na yau armashi. Rola ce ba a bari fenti ya kwana a kanta. Wurin ajiya a shimfiɗe cikin robar da ya zo da ita, kada a jingina shi a tsaye, kada a ɗora masa kaya, kuma nesa da rana. Ledojin nan masu tauri da ke sama da ƙasansa in iska ta shiga tsakani tana barin tabon kumfa, na fi son in sa farar takarda sumul marar rubutu in riƙa canzawa in ta sha mai.

Kuɗi dai ba zan faɗi adadi ba tunda da dala yake tafiya, ga kuɗin kawowa da wani lokacin yake kusan kamo kuɗin kayan, in kuna da mai dawowa daga waje ku roƙe shi ya saƙo muku a tsakiyar akwati a kwance, ko ku haɗu ku uku huɗu ku yi oda ɗaya ku raba kuɗin jirgi. Akwai marasa suna masu arha da ake tallatawa, an taɓa kawo min ɗaya, siriri ne kamar rabin kaurin na kirki, yana wani warin roba, danƙonsa ya yi yawa har takardar A4 yake riƙewa ta yage, gefensa kuma a lanƙwashe ya iso bai taɓa miƙewa ba. Ba na ce duk haka suke ba amma ku tambayi kauri kafin ku biya, ku nemi hoton ainihin kayan ba na talla ba. In ya iso ku buɗe a gaban mai kawowa, ku ɗaga shi saitin haske ku duba samansa ko akwai rami ko yanka ko sawun wani abu da ya danne shi a hanya, kuma ku gaya wa direba tun daga tasha kada a jefa shi but ƙarƙashin buhuna.